Allurar Barci da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam: Ina Haɗarin Yake?

 

Na gode da aka ba ni dama in yi magana a kan aikin da nake yi, wanda ba a cika ganin fuskar mai yin sa ba. Idan aka yi wa mutum tiyata ya warke, likitan da ya riƙe wuƙa ake yi wa godiya, kuma ya cancanta. Amma a wajen kan majinyaci, bayan koren ƙyallen da aka kare da shi, akwai wani da ba ya gusawa tun daga farkon aiki har ƙarshensa, hannunsa a kan jakar numfashi, idonsa a kan na'ura. Shi ne mai ba da allurar barci. Shi ne kuma wanda ake yi wa tambayoyin da ake jin nauyin yi wa likitan fiɗa. Magidanci zai riƙe hannunka ya ce, "Likita, zan farka kuwa?" Uwa za ta ce, "An ce tana taɓa ƙwaƙwalwa, kada yarona ya zama dolo." 'Ya'ya kuma za su zo bayan mako biyu su ce, "Tun da aka yi wa Baba aiki bai dawo daidai ba."

Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da ta cancanci a yi mata dariya. Manyan masana sun shafe shekaru suna bincike a kan kowace. Abin da na zo in faɗa muku yau shi ne: maganin da ke cikin sirinji ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ke lalata ƙwaƙwalwa a ɗakin tiyata, kusan kullum, yankewar iska ne ba tare da an lura ba. Kuma wannan abu ne da ake iya hanawa.

Bari mu ɗan koma baya. Kafin shekarar 1846, gwanintar likitan fiɗa ita ce sauri. Ƙarfafan maza ne ke danne majinyaci, a yanke ƙafa yana ihu. Ranar 16 ga Oktoba na wannan shekara, a wani asibiti da ke Boston a Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani saurayi tururin sinadarin eta, likita John Collins Warren ya cire masa ƙari a wuya, saurayin bai ji zafin yanka ba. Saboda haka ne ake tunawa da wannan fanni a duk ranar 16 ga Oktoba. Shekara guda bayan nan James Simpson ya shigo da kulorofom a Edinbara, har Sarauniya Biktoriya ta shaƙe shi a haihuwarta ta 1853. Amma tun a watan Janairu na 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a arewacin Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom don a gyara mata farcen ƙafa. Farcen ƙafa kawai. Ke nan tun ranar farko rahamar da haɗarin tare suka zo.

A 1954 likitoci biyu, Beecher da Todd, suka wallafa binciken da suka yi a manyan asibitoci 10 na Amurka, a kan kusan mutum 600,000 da aka sa barci. Suka gano cewa maganin barci na da hannu a mutuwar mutum 1 cikin kowane 1,560. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara bayanan ƙasashe da yawa, ya nuna cewa mutuwar da allurar barci kaɗai ta haddasa ta sauko daga 357 cikin miliyan kafin shekarun 1970 zuwa 34 cikin miliyan a shekarun 1990 da 2000. Magunguna sun inganta, babu shakka. Amma abin da ya fi kawo wannan sauyi shi ne horar da mutanen da ba su da wani aiki sai wannan, da samun na'urorin da ke faɗakar da su kafin ɓarna ta auku.

To me ke faruwa a cikin kai idan aka yi allurar? Ƙwaƙwalwa tarin jijiyoyi ce da ke aika wa juna saƙo ba dare ba rana. A cikinta akwai sinadarin da aikinsa rage wannan zirga-zirga, ana kiran sa GABA. Farar allurar nan mai kama da madara, furofofol, da mafi yawan magungunan da ake shaƙa, suna ƙara wa wannan sinadari ƙarfi har sassan ƙwaƙwalwa su daina jin juna. Ketamin ta wata hanya yake bi, yana toshe ƙofar da saƙon tayarwa ke shiga. Halin da mutum ke shiga ya fi barcin dare nisa sosai, domin mai barci in ka mintsine shi zai farka, wannan kuwa ana buɗe cikinsa bai sani ba. Masana irin su Emery Brown na Jami'ar Harvard sun nuna cewa ya fi kusa da doguwar suma, sai dai suma ce da muke riƙe da linzaminta: idan aka daina ba da magani, hanta da huhu da ƙoda suka fitar da shi, mutum ya dawo.

A manyan ayyuka abu uku muke haɗawa: maganin gusar da hayyaci, maganin kashe zafi, da maganin saki jiki, wanda ke sa tsoka ta yi laushi don likitan fiɗa ya sami sarari. Ina so ku riƙe wannan da kyau: duka ukun suna taɓa numfashi. Na farko yana sa harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Na biyu yana rage yawan numfashi. Na uku yana tsayar da shi ɗungurungum. Daga wannan lokaci numfashin majinyaci amana ne a hannun wani. Mu ke sa masa bututu a maƙogwaro, mu ke hura masa iska. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da rumbun ajiyar iska. Idan oksijin ya yanke mata na 'yan mintoci, kamar huɗu zuwa biyar, jijiyoyinta sun fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. Mafi yawan labaran da kuke ji na wanda aka sa barci bai farka ba, ko ya farka ba ya gane kowa, a nan tushensu yake. Mawaƙin nan na Amurka, Michael Jackson, furofofol ne ya kashe shi a 2009, maganin da ake yi wa dubban mutane kowace rana su tashi lafiya. Shi an yi masa ne a ɗakin kwanansa, babu cikakkun kayan sa ido, kuma wanda ya kamata ya tsaya a kansa ya fita.

A da, launin leɓe da na farce ake dubawa don a gane iska ta ragu. Kafin leɓe ya sauya an riga an makara, balle a fatarmu da sauyin ba ya saurin bayyana. A farkon shekarun 1970 wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano yadda za a auna iskar da ke cikin jini da haske. Daga nan aka sami 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, oksimita, mai ƙara tare da bugun zuciya, sautinta na sauka idan iska ta ragu. A ganina babu wata na'ura da ta ceci ƙwaƙwalwar mutane a ɗakin tiyata kamarta. Amma wani bincike na 2010 ya ƙiyasta cewa ɗakunan tiyata kusan 77,000 a duniya ba su da ita, kuma a yankinmu na Afirka kudu da Sahara har kusan kashi 70 cikin 100 ne ba su da ita. Saboda wannan giɓi aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011, ta fara samar da irin wadda ke jure zafi da ɗaukewar wuta a kan kimanin dala 250. Wani ƙarin bayani ga abokan aiki: binciken da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar takan nuna adadi sama da gaskiya a baƙar fata fiye da farar fata. Don haka kada mu saki jiki idan lamba ta fara sauka ko kaɗan. Iyayena mata kuma, baƙin lalle da jan farce suna iya rikita ta, a bar yatsa ko da ɗaya ne babu ado idan an sa ranar aiki.

Irin wannan rashin kayan aiki ne ya sa alƙaluman ƙasashe masu arziki ba namu ba ne, kuma ba zan yaudare ku da su ba. A wani babban asibitin koyarwa da ke Lome a Togo, wani bincike na 2005 ya sami mutuwa 1 mai alaƙa da allurar barci cikin kowane aiki 133, kuma mafi yawansu ana iya kauce musu. A 2018 aka wallafa babban binciken da ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya, Nijar, Gana da Kamaru. Majinyatanmu sun fi na Turai ƙuruciya, cututtukansu ba su kai nasu yawa ba, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka matsakaicin duniya sau biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken shi ne kashi 94 cikin 100 na mace-macen ba a ranar aikin suka faru ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke fama da gadaje masu yawa cikin dare. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta ce a sami aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. A Nijeriya ba mu kai 1 ba. Ma'aikatan jinya da aka horar su ke ɗauke da mafi yawan nauyin a garuruwanmu, kuma sun cancanci a girmama su, a ba su kayan aiki, a riƙa sabunta musu horo.

Yanzu bari in zo kan tambayar uwa, domin ita ce ta fi ɗaga hankali. Tsoron yana da asali. A 1999 da 2003 aka wallafa binciken da ya nuna cewa jariran ɓeraye da aka ba su waɗannan magunguna na sa'o'i masu yawa, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu sun mutu da yawa, kuma da suka girma koyo ya yi musu wuya. Daga baya aka ga makamancin haka a jariran birai. A watan Disamba na 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi game da yara 'yan ƙasa da shekara 3 da mata masu ciki a watanni ukun ƙarshe, idan barcin zai wuce awa 3 ko za a maimaita shi sau da yawa.

Sai dai ɗan mutum ba ɓera ba ne, don haka aka gwada a kan yara. A ƙasashe 7 aka ɗauki jarirai 722 da za a yi wa aikin gwaiwa, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka sa su barci na kimanin awa guda, rabi aka yi musu allurar baya suna farke. Aka bi su har suka kai shekara 5, aka auna kaifin basirarsu, sakamakon ya fito a 2019: babu bambanci. Wani binciken a Amurka ya kwatanta yara 105 da aka taɓa sa su barci sau ɗaya da 'yan uwansu na ciki ɗaya da ba a taɓa yi wa ba, nan ma babu bambanci. Binciken asibitin Mayo na 2018 ya sami ɗan raguwa a saurin aiki da ƙwarewar yatsu ga yaran da aka sa barci sau da yawa, amma ba a kaifin basira ba, kuma yaron da ake yi wa aiki sau uku ko huɗu dama yana da ciwon da shi kansa ke iya shafar girmansa. Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: aiki guda, gajere, a hannun ƙwararre, ba ya dusashe basirar yaro. Idan abin da za a yi na iya jira har yaro ya ƙara girma ba tare da cutarwa ba, a tattauna da likita. Amma gwaiwar da ke iya shaƙe hanji, ko tsagewar ganɗa da ke hana shan nono, ko yanar ido da aka haifi yaro da ita, jinkirinsu ya fi allurar illa nesa ba kusa ba. Na sha ganin an kawo yaro hanji ya riga ya ruɓe saboda an ji tsoron allurar awa guda. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Tsofaffi kuwa labarinsu daban ne, kuma a nan 'ya'yan da suka ce Baba bai dawo daidai ba suna da gaskiya. Tun a 1955 wani likita a Oxford, Bedford, ya rubuta cewa wasu tsofaffi na sauyawa bayan tiyata. A 1998 wani bincike na ƙasa da ƙasa ya auna tunanin mutum 1,218 da suka haura shekara 60, kafin babban aiki da bayansa. Bayan mako guda kusan kashi 26 cikin 100 tunaninsu ya ragu. Bayan wata 3 adadin ya sauko zuwa kashi 10. Wato abin gaskiya ne, kuma mafi yawa suna farfaɗowa.

Amma allurar ce ta jawo? A 2021 aka wallafa gwajin da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,600 da suka karye a ƙugu. Rabi aka sa su barci, rabi aka yi musu allurar baya. Ruɗewa ta sami kusan 1 cikin 5 a kowane ɓangare. Wani gwajin a Sin ma bai sami bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Ke nan ko an kauce wa barcin gaba ɗaya, ruɗewar na nan. Rauni da yanka suna tayar da kumburi a jiki wanda ke isa ƙwaƙwalwa. Ga zafi, ga rashin barcin dare, ga ƙishirwa, ga baƙon wuri. Ƙwaƙwalwar da dama ta fara gajiya sai ta kasa ɗauka. Sau da yawa tiyata fallasa rikicin tsufan da ke ɓoye take yi, wanda a gida, cikin abubuwan da aka saba, ba a lura da shi ba.

Wannan ruɗewa ina so kowa ya san ta. Takan zo a kwana na farko zuwa na uku, ta fi tsanani da dare. Dattijo ya fara sambatu, yana kiran waɗanda suka rasu, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa a mai da shi gona. Wani kuma shiru zai yi, ba ci ba magana, 'yan uwa su ce yana hutawa, alhali wannan shirun ya fi haɗari domin ba a kula shi. Ba hauka ba ne. Alama ce cewa wani abu na damun jiki: ƙwayar cuta a huhu ko a mafitsara, fitsari ya taru, iska ta ragu, gishirin jini ko sukari ya sauka. A sanar da ma'aikatan jinya nan take, a yi addu'a kuma a nemi dalili. Kuma a nan muna da abin da asibitocin Turai ke nema da kuɗi: al'adarmu ta zaman jinya. Mai jinyar da dattijo ya sani ya zauna kusa da shi. A ba shi tabaransa. A buɗe taga da rana, a rage haske da hayaniya da dare. A riƙa gaya masa inda yake da ranar da ake ciki, a ce masa, "Baba, an kira azahar." A taimaka masa ya zauna, ya taka da zarar likita ya yarda. Kada a ɗaure shi, kada kuma a saya masa ƙwayar barci a kemis, domin irin su baliyam ƙara ruɗewar suke yi.

Ketamin ma na da nasa. Magani ne mai albarka a asibitocin karkara domin ba ya saurin tsayar da numfashi ko saukar da bugun jini. Amma mai farkawa daga gare shi yakan yi mafarkai masu firgitarwa, ya yi ihu, idonsa na rawa, har dangi su zaci iska ce ta taɓa shi. Cikin sa'o'i kaɗan yake wucewa. A bar shi a wuri mai shiru, a kwantar da shi ta gefe, a sa masa ido.

Akwai masu tsoron farkawa ana tsakiyar aiki. Yana faruwa, amma da wuya: babban binciken Birtaniya na 2014 ya sami rahoto 1 cikin kimanin 19,000. Ya fi yawa a tiyatar haihuwa, inda ake rage magani saboda jariri. Wannan ɗaya ne daga dalilan da suka sa muka fi son allurar baya ga mai haihuwa. Babban dalilin shi ne maƙogwaron mai ciki ya fi wuyar sa bututu, cikinta kuma ba ya saurin narkar da abinci. Wani nazari na 2016 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan 1 cikin 7 na matan da suka rasu bayan wannan tiyata matsalar allura ce sanadi, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda aka sa barci gaba ɗaya. 'Yar uwa, idan aka ce za a yi miki ta baya, ki karɓa. Za ki ji kukan jaririnki da kunnenki. Maigida kuma, idan aka ce ka sa hannu, kada ka tafi neman shawara har gari ya waye.

Majinyata da danginsu, ku ma akwai naku aikin. Idan aka ce kada a ci abinci, to kada a ci. Wanda aka sa barci ba ya iya tari, abin da ke cikinsa na iya gangarowa cikin huhu ya ƙone shi. Ƙa'idar ita ce awa 6 ga abinci mara nauyi, 8 ga mai maiƙo da nama, 4 ga nonon uwa, 2 ga ruwa zalla, sai dai in asibiti ya ba da wani umurni. Koko da kunu abinci ne. Uwar da ta ɓoye ta ba yaro shayi don tausayi ta jefa shi cikin haɗari. Idan an riga an ba shi, a faɗa, ɗage aiki ya fi sauƙi. A gaya mana gaskiya game da hawan jini, ciwon sukari, asma, farfaɗiya, sikila, da jiƙe-jiƙen da ake sha. Matasa, wanda ke shan taramol ko kodin ya faɗa mana a asirce. Ba hukunci za mu yi masa ba, ma'aunin maganinsa ne zai sauya. Idan kuma wani a dangi ya taɓa rasuwa ko ya yi zazzaɓi mai tsanani a lokacin allurar barci, wannan labari na iya ceton rai, domin akwai nau'in da ake gado.

Ga hukumomin lafiya da masu asibitoci masu zaman kansu, roƙona ƙarami ne idan aka kwatanta da kuɗin gini. Kada a buɗe ɗakin tiyata babu oksimita, babu tukunyar oksijin cikakkiya da ta ko-ta-kwana, babu na'urar zuƙe majina. A ware ɗakin farfaɗowa da ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai kallon waɗanda suka fito. A yi amfani da takardar tantancewa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Da aka gwada ta a asibitoci 8, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, kuma takarda ce kawai. A daina barin mutum ɗaya ya yi allura sannan ya zagaya ya ɗauki wuƙa.

Ku kuma jama'a, kafin ku sa hannu a takardar aiki, ku yi tambaya cikin ladabi: wane ne zai ba da allurar, kuma an horar da shi? Zai tsaya a kan majinyacinmu har a gama? Akwai oksijin da na'urar yatsa? Wa zai kula da shi bayan ya fito? Ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Idan amsar ba ta gamsar ba, kuma aikin ba na gaggawa ba ne, ku nemi wani asibitin. Idan ta gamsar, ku sa hannu, kada ku jinkirta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.